Mai gida ya riga jandarma sanin baƙo

Jama'a, ku da kuke tura shanu kudu ko kuke jiran kaya a bakin tashar jirgin ruwa ta Lome, kun sha jin ana cewa 'yan sanda su haɗa kai da mutanen unguwa. A 1979 wani malamin jami'a a Amurka, Herman Goldstein, ya ce aikin ɗan sanda bai tsaya ga zuwa bayan an yi ɓarna ba, sai ya gano abin da ke haifar da ita ya toshe. Najeriya ta fara gwada irin wannan tsari a Enugu a 2004. To, mu mutanen zango mun daɗe da namu, sunansa mai gida.

Tun zamanin Jamusawa, waɗanda suka mai da Lome babban birnin Togo a 1897, Hausawa 'yan kasuwa ke da zangonsu a garin. Baƙo ba ya sauka a titi. Gidan wani yake nufa, kuma daga ranar nan mai gidan ne idonsa, shi ne bakinsa. Zai ba shi wurin kwana da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali.

Ku duba inda hikimar take. Cinikin shanu yawanci bashi ne: mahauci ya ɗauki sa yau, kuɗi sai ya sayar da nama. Mutumin da ya kora dabba tun daga arewa ina zai san mahaucin kirki da mai cin amana? Mai gida da yaransa sun sani, don kullum suna kara, sun san wanda ya yi asara jiya da wanda bashi ya yi wa katutu. Idan suka ce kar a ba wane, shi ke nan. Idan kuwa suka ce a ba shi ya gudu, mai gida ne zai biya. Abner Cohen ya bayyana wannan a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, Michel Agier kuma ya tarar da irinsa a zangon Lome, ya buga nasa a 1983. Rigimar da za ta kai mutum kwamsariya an kashe ta tun ba a ɗaura wa sa igiya ba. Wadda ta fi ƙarfin gida sai a kai ta gaban sarkin zango da limamai.

Ban ce babu zalunci a ciki ba, ai mai gida ma ɗan kasuwa ne, kuma baƙon da bai iya lissafi ba yakan ji a jikinsa. Amma wanda ya cuci fatake biyu, labari ya riga shi isa arewa, baɗi gidansa babu kowa.

A 1977 gwamnatin Eyadema ta rushe tsohon zango da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa arewacin birni wajen Aguwe, kusan kilomita 15. Gidaje suka tafi, maƙwabta suka watse, amma fatake suka bi masu gidansu har can.

Abin da ke damuna shi ne na yanzu. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan Nijar da yawa ta Lome suke fita, su bi Sinkase su ratsa Burkina Faso. Baƙi sun ƙaru daga Akodesewa har bakin tasha. Direba ya kwana cikin motarsa, ciniki an ƙulla shi a WhatsApp da mutumin da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Ran da kaya suka ɓace, jandarma zai fara da tambayar da mai gida ke yi tun daren farko: wa ya san ka a garin nan?