Zubo Tunani da Tace Shi: Nazarin Gasar Zariya ta 1933 da Aikin Abubakar Imam

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda aikin ƙirƙira yake kai-komo tsakanin zubo tunani da tace shi, ta hanyar bin sawun littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko. Hujjarta ita ce, tacewa ba a ƙarshen aiki kaɗai take zuwa ba. Ita ke tsara irin tunanin da zai fito a zubi na gaba.

Abin da masana suka faɗa

A 1950 J. P. Guilford ya yi wa ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka jawabi, yana kukan an yi watsi da binciken ƙirƙira. Daga baya ya rarrabe tunani iri biyu: mai bazuwa yana neman amsoshi barkatai, da mai tattaruwa kan amsa guda. Alex Osborn, ɗan kasuwar talla, ya ba da shawara a littafinsa na 1953 cewa a hana suka yayin da ake zubo shawarwari, sai an gama a zauna a tace. A 1960 Donald Campbell ya kai maganar nesa, ya ce ƙirƙira laluben makaho ce, sai zaɓi ya riƙe abin da ya yi daidai.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓin. Gwajin da Rietzschel, Nijstad da Stroebe suka buga a 2006 ya nuna cewa idan aka ce mutane su fitar da mafi kyau daga cikin shawarwarin da suka zubo da kansu, da ƙyar zaɓinsu yake fin na ƙuri'a. Ke nan yawan hatsi a masussuka ba ya wadatarwa in mai shiƙa bai san iska ba.

Zariya, 1933

A wannan shekara Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai don shiga wata gasa. Matsalarsa ta farko ta zubi ce. Kamar yadda ya bayyana a maƙalarsa ta mujallar Africa a 1936, malaman ba su ɗauki ƙaga labari aikin mai ilimi ba. A wurinsu alƙalami na addini ne da tarihi da waƙen wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Wato tun kafin rubutu ya iso teburin alƙali, akwai wani alƙalin zaune a zuciyar marubuci yana hana shi ɗiga tawada.

Daga abin da aka aiko aka fitar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar, Jiki Magayi, shi ya fi ba da sha'awa ga wannan nazari, domin East ya ajiye rigar alƙalanci ya haɗa hannu da John Tafida Wusasa suka rubuta shi tare. Mai tacewa ya koma mai zubi.

Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa ne a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, ya kuma ɗebo wasu dabarun taurarin littafin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, daga littattafan Larabci irin su Maƙamatul Hariri. Nasararsa a gasar ce ta sa aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936 don rubuta Magana Jari Ce. A nan aka juya tsarin gaba ɗaya. Maimakon a ce masa ya ƙago, sai aka tara masa littattafai, har da Alfu Laila wa Laila, Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin 'yan'uwan Grimm na Jamus. Aikinsa na farko zaɓi ne: wane labari zai zauna a ƙasar Hausa, wane ne ba zai zauna ba? Bayan ya zaɓa sai zubi ya dawo, ya sauya sunaye da garuruwa da sana'o'i, ya sa wa labari rawani da babbar riga, ya ɗora shi a bakin aku a fadar Sarki Abdurrahman. Daga nan East ya bi da jan alƙalami, Imam ya sake zama. Juzu'i uku na Magana Jari Ce sun fito tsakanin 1937 da 1939, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin tushen labarai da dama a cikinsu.

Wannan ya saɓa wa shawarar Osborn ta a gama zubi kafin a fara suka. A aikin Imam matakan biyu sun riƙa karɓa-karɓa a kan kowane labari. Ra'ayin Campbell ma bai zauna daram ba a nan, don Imam ba lalube yake yi ba. Ya san ana son littafin karatu na 'yan makaranta, ya san kunnen Bahaushe, ya kuma san abin da East zai soke. Sai dai abin yana da tsada. Ma'aunin da aka yi amfani da shi na makaranta ne, shi ya sa zuben Hausa ya daɗe yana bin sawun abin da hukuma za ta saya wa ɗalibai, daga kamfanin ɗab'i na Gaskiya zuwa hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950.

A shekarun 1980 ne ma'aunin ya sauya hannu, lokacin da matasan marubuta a Kano, mata da yawa a cikinsu, suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Babu edita irin East a tsakani. Marubuci kan saki kashi na ɗaya ya kai kasuwa, cinikinsa da wasiƙun masu karatu su nuna masa ko zai buga na biyu, da kuma inda labarin zai dosa.