Bandashe: Gurasar da ba ta buƙatar nama

Bandashe gurasa ce da ake yayyafa wa ruwa, a barbaɗa mata garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, sannan a yanka albasa da tumatir a kai. Da fulawa da yis ake kwaɓa gurasar, a gasa a tanderu, ko a kasko idan a gida ne.

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ita ce madogarar ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi da tsire ya gagara. Sai dai akasarin alkamar da ake yin fulawa da ita daga ƙasashen waje take zuwa, saboda haka duk faɗuwar darajar naira kan ƙara mata tsada. A Fabrairun 2024, mata masu gurasa sun yi zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa.