Taswirar Matuƙin Jirgin Sama

Taswirar jirgin sama ita ce takardar da matuƙi ke shimfiɗawa a cinya domin ya san inda yake da inda ya dosa. Ba ruwanta da sunayen unguwanni. Tana nuna abin da ido ke hangowa daga sama, kamar kogi, tafki da layin dogo, sannan abin da ka iya halaka jirgi: duwatsu da dogayen eriyoyi, kowanne da tsayinsa a ma'aunin ƙafa, da sararin da aka hana ratsawa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifar, ita ke daidaita alamomin.

Ɗaliban tuƙin jirgi sun fi aiki da taswira mai ma'aunin 1:500,000, inda santimita ɗaya ke nufin kilomita 5. Nisa kuwa da mil na teku ake auna shi, wato mita 1,852.

Tun a ƙasa aikin ke farawa. Ɗalibi zai ja layin tafiyarsa a kan taswira da fensir, ya auna kusurwarsa, ya gyara bambancin arewar taswira da arewar maganaɗisu, sannan ya lissafa yadda iska za ta ture jirgin. Nan ne hankali ya kamata ya tattaru, domin kuskuren digiri ɗaya kan karkatar da jirgi kusan mil guda bayan tafiyar mil 60.

A kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, da aka kafa a 1964, hazon hunturu kan shafe alamomin ƙasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake koyar da bin tashoshin rediyo na VOR da na'urar GPS, bayan hannu ya faɗa da taswira, agogo da kamfas.