Yadda gefen ganye ya zama ma'aunin zafin zamanin da ya shuɗe

Tsinko ganyen mangwaro ka shafa gefensa da yatsa, za ka ji shi sumul daga tushe har ƙarshe. Tsinko na darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, za ka tarar da haƙora a jere kamar bakin zarto. Bambanci ne da kowane yaro ya sani, amma an daɗe ƙwarai kafin wani ya tambaya ko yana da alaƙa da yanayin ƙasar da itace yake tsirowa a cikinta. Amsar tambayar ce ta zama ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi a yau wajen ƙiyasta zafin duniya na miliyoyin shekarun da suka wuce.

Kafin a yi tambayar sai da aka sami kalmomin yin ta. Masana tsirrai na Turai sun daɗe suna siffanta ganye kowa yadda ya ga dama, har wanda ke Faransa ya kasa gane abin da na Holan yake nufi. Carl Linnaeus, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, shi ya ɗaure al'amarin. A littafinsa Philosophia Botanica na 1751 ya jera siffofin ganye da zanensu, kowace da sunanta na Latin: mai kamar ƙwai, mai kamar mashi, mai kamar zuciya, mai rabuwa kamar yatsun hannu, mai gefe sumul, mai haƙora. Shi dai furen tsiro ya ɗauka ginshiƙin rarraba tsirrai. Ganye a wurinsa alama ce ta bambance wannan jinsi da wancan, kamar yadda aska take a fuska. Fiye da ƙarni ɗaya da rabi aka yi ana cika littattafan tsirran ƙasashe da waɗannan kalmomi, kowane itace da bayanin gefen ganyensa.

Sai a 1915 wasu matasan masana biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Irving Bailey da Edmund Sinnott, suka yi abin da ba a yi ba: suka ƙirga. Suka bi littattafan tsirran yankuna daban-daban na duniya, suna lissafa itatuwa masu fure nawa ne a kowane yanki suke da ganye mai gefe sumul, nawa ne masu haƙora. A dazuzzukan wurare masu zafi da ruwan sama, mafi yawan jinsunan sumul ne. Da aka nufi ƙasashen sanyi masu danshi, sai masu haƙora suka rinjaya. Sun buga sakamakon a mujallar Science, suka faɗaɗa shi a 1916, kuma tun a taken maƙalar farko suka nuna inda suka dosa, wato yanayin zamunnan da suka shuɗe. Ganyen da ya faɗa cikin laka yakan bar tambarinsa a dutse bayan lakar ta daskare. Idan siffar gefensa tana bin zafi, to duwatsun nan suna riƙe da labarin yanayi.

Abin burgewa a dabarar shi ne ba ta bukatar sanin sunan itacen. Mai nazarin ganyen da ya zama dutse yakan sha wahala wajen gane danginsa, domin jinsin ya ɓace tuni, furensa kuma bai tsira ba. A nan kuwa ya isa ya ware ganyayen zuwa nau'i-nau'i, ya duba gefen kowanne.

Duk da haka dabarar ta yi shekaru kusan 60 tana matsayin hasashe mai kyau. Jack Wolfe, na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, shi ya sa mata lamba. A 1979 ya fitar da nazari kan dazuzzukan gabashin Asiya masu danshi, inda ya gwada kason jinsuna masu gefe sumul da matsakaicin zafin shekara. Dangantakar ta fito kusan a miƙe: duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana tafiya da ƙarin kusan kashi 3 cikin 100 na masu gefe sumul. Dajin da rabin jinsunansa sumul ne, zafinsa yana wajen digiri 16. Wanda kashi 80 ne, yana wajen digiri 26.

An ga amfanin wannan a fili a kwarin Bighorn na jihar Wyoming. Kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce, iskar kabon mai yawa ta shiga sararin samaniya cikin ɗan lokaci, duniya ta yi zafi. Scott Wing na cibiyar Smithsonian ya shafe shekaru yana neman ganyayen wannan zamani a tsaunukan kwarin, kuma a 2005 shi da abokan aikinsa suka buga abin da suka samu. Gefen ganyayen ya nuna zafin wurin ya ƙaru da kusan digiri 5, tsirran da aka sani can kudu kuma sun hauro arewa. Masu hasashen ɗumamar yanayi ta yau suna gwada lissafinsu da irin waɗannan zamunna, don haka kuskure a karatun ganyen ba ƙaramin abu ba ne.

Kuskuren kuwa yana da ƙofofi. Itatuwan bakin kogi da na fadama sun fi na tudu yawan haƙora ko da zafin ɗaya ne, kuma ganyen bakin ruwa ne ya fi samun lakar da za ta adana shi. Saboda haka dutse yana iya nuna sanyin da ba a yi ba. A Ostireliya ganye masu gefe sumul sun fi yawan abin da ma'aunin Wolfe yake tsammani, har sai da aka yi wa nahiyar nata lissafin dabam. Bailey da Sinnott ma sun lura cewa wurare masu fari da masu tsananin sanyi suna karkata ga sumul. Darbejiyarmu, da aka kawo daga yankin Indiya a zamanin mulkin mallaka, itacen zafi ce mai haƙora: ƙa'idar tana magana ne a kan daji gaba ɗaya, ganye ɗaya ba ya zama hujja.

Dalilin haƙoran kansa masana sun rabu a kansa. A 2006 Dana Royer da Peter Wilf sun auna ganyaye masu rai, suka ga haƙoran sun fi sauran jikin ganye saurin sarrafa hasken rana da fitar da ruwa a farkon lokacin toho. Wannan yana jawo ruwa da abinci daga saiwa da wuri, riba ce ga itacen da ke da 'yan watanni kaɗan kafin sanyi ya dawo, asara kuma ga wanda ke tattalin ruwa. Wasu sun ce haƙoran mafita ce ta ruwan da ya taru a ganye da dare. Wasu kuma suna ganin asalinsu daga yadda ɗanyen ganye yake naɗewa ne a cikin ƙundun toho, inda yake kwana duk tsawon hunturu kafin ya buɗe.