Tumbuɗin Jariri da Tarihin Madarar Gwangwani

Duk wadda ta taɓa raino ta san tumbuɗi. Jariri ya sha ya ƙoshi, an ɗora shi a kafaɗa don ya yi gyatsa, sai a ga ɗan farin nono ya gangaro bisa zane. Idan nonon uwa yake sha, kakanni sukan yi dariya su ce ƙoshi ne. Amma idan madarar gwangwani ce, sai hankalin uwa ya tashi, ta shiga zargin madarar, musamman idan yaron yana haɗawa da kuka da rigima da maraice. Wannan zargi ya girmi duk mai karatun nan, gama shekara fiye da 150 ke nan likitoci da 'yan kasuwa suna kokawa da shi, kuma tarihin kokawar tasu abin lura ne ga kowane gida.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, jaririn da ya rasa nonon uwa a ƙasashen Turai sai a nema masa mai shayarwa, in kuwa babu hali a ba shi nonon saniya ko burodi jiƙaƙƙe, kuma galibin irin waɗannan yara ba su kan yi rai ba. A shekarar 1865 wani mashahurin masanin haɗa sinadarai na ƙasar Jamus, Justus von Liebig, ya fito da wani haɗi na nonon saniya da garin alkama da garin tsiron sha'ir da wani gishiri dangin kanwa, ya ce ya yi daidai da nonon mace. A 1867 wani likita a birnin Paris ya jarraba haɗin a kan jarirai huɗu sababbin haihuwa, duka huɗun suka mutu cikin 'yan kwanaki. Duk da haka kasuwa ta riga ta buɗe. A wannan shekara Henri Nestlé ya fara sayar da nasa garin a Vevey ta ƙasar Suwizalan, kuma kafin 1883 an sami iri 27 na abincin jarirai masu rajista.

Abin da ya fi ɗaure wa likitocin wancan zamani kai shi ne abin da suke gani cikin tumbuɗin kansa. Na yaron da ke shan mama yakan fito da laushi, na mai shan nonon saniya kuwa yakan fito gudaji-gudaji. Dalili shi ne, sinadarin gina jiki da ke cikin nono kashi biyu ne: akwai mai daskarewa, watau wanda ake yin cuku da shi, akwai kuma mai zama cikin ruwan da ke tsatsowa. A nonon saniya mai daskarewar ya kai wajen kashi 80 cikin 100, a nonon mace kuwa wajen kashi 40 ne. Saboda haka likitoci irin su Philipp Biedert na Jamus suka ɗora laifin amai da ciwon ciki a kan waɗannan gudaji, aka shiga neman dabarar tausasa su, wasu su tsarma nonon da ruwan sha'ir, wasu su tafasa shi, wasu su tsamama shi.

A Amurka abin ya zama ilmin lissafi. Thomas Morgan Rotch na Jami'ar Harvard, a shekarun 1890, ya koyar cewa kowane jariri da nasa ma'auni na maiƙo da sukari da sinadarin gina jiki. Likita zai rubuta takarda, a kai wani ɗakin haɗa madara da aka buɗe a Boston a 1891, a haɗa kamar yadda ake haɗa magani. Idan yaro ya yi tumbuɗi sai a rage maiƙo da ɗan kaɗan, idan ya yi kuka a sāke wani lissafin. Dabarar ta yi wuyar da likitoci da kansu suka gaji da ita, aka yi watsi da ita a hankali. Sai a shekarun 1920 aka tabbatar cewa madarar ruwa ta gwangwani, wadda aka dafa aka rage mata ruwa, tana yin gudaji masu laushi, ta zama abincin miliyoyin jarirai.

To, amma yayin da ake ta fama da gudaji, abin da ke kashe yara yana can wani wuri dabam. A Ingila wajen shekarar 1900, cikin jarirai 1,000 da aka haifa wajen 150 ba su kan cika shekara ba, kuma zawo na lokacin zafi yana cikin manyan dalilai. Akwai wani irin bulumboti mai doguwar mesa ta roba da iyaye mata suke so ƙwarai, domin yaro yakan sha da kansa ba sai an riƙe masa ba, amma mesar ba ta wankuwa, ƙwayoyin cuta suka mai da ita gida. Sai a 1910 ƙasar Faransa ta haramta sayar da shi.

Kukan jariri shi ma ya sami nasa 'yan kasuwa. A garuruwan masaƙu na Ingila, inda uwa ke fita aiki tun asuba, masu raino sukan ɗura wa yara Godfrey's Cordial, wanda ke ɗauke da ofiyom. A Amurka kuma, daga 1849, aka yi ta sayar da Mrs. Winslow's Soothing Syrup mai ɗauke da mofin. Yaro yakan yi shiru kam, amma waɗansu ba su sāke farkawa ba, waɗansu kuma barci ya hana su cin abinci har suka ƙanjame. Garin neman ƙiba aka samo rama. Ruwan ciwon cikin jarirai da William Woodward ya haɗa a Nottingham a 1851, wanda ya bi jiragen ruwan Ingilishi har kantunan Accra da Ikko, ya fi waɗannan sauƙi, amma shi ma akwai barasa a cikinsa, ba a kuwa cire ta a Ingila ba sai a farkon shekarun 1990.

Akwai kuma wani aman da ya cancanci tsoro, wanda aka daɗe ana rikita shi da tumbuɗi. A 1888 Likita Harald Hirschsprung na Kwapanhagan ya bayyana wata cuta inda naman da ke mafitar tumbi yake yin kauri ya toshe hanya. Takan bayyana tsakanin mako 2 zuwa 8 da haihuwa, ta fi kama yara maza, aman kuma yakan fito da ƙarfi kamar an watsa shi. Sauya madara ba ya yi mata kome, yara da yawa sun mutu da ita ana ta sauye-sauye. A 1911 Conrad Ramstedt, wani likitan fiɗa a Jamus, ya tsaga naman nan kawai ya bar shi, yaron ya warke, kuma har yanzu aikin nan nasa ake yi.

Da madarar gwangwani ta ƙetara zuwa ƙasashe masu zafi, tsohuwar masifar Turai ta biyo ta. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Accra kuma ta shigar da kalmar kwashiyoko ta harshen Ga cikin littattafan likitanci a 1935, ta tsaya a Singafo a 1939 ta yi lacca mai zafi, inda ta kwatanta tallar madara ga matalauta da kisan kai. Inda ruwa ba shi da tsabta, kuɗi kuma ba su isa ba, uwa takan tsarma madarar don gwangwani ya daɗe, sai zawo da rama su biyo baya. Rahoton ƙungiyar War on Want na 1974 da ƙaurace wa kayan Nestlé da aka soma a Amurka a 1977 su suka kai ga ƙa'idar tallar madarar jarirai da Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar a 1981, ƙasashe 118 suka yarda, Amurka kaɗai ta ƙi.

Abin mamaki, sai daga baya aka zauna aka ƙidaya abin da lafiyayyen jariri ke yi. A 1954 Likita Morris Wessel ya sa iyaka ga kukan da ya wuce kima: fiye da awa 3 a rana, fiye da kwana 3 a mako, har fiye da mako 3. Bincike ya nuna kuka yakan kai ƙololuwa wajen mako 6, ya lafa wajen wata 3 ko 4, ga mai shan mama da mai shan gwangwani duka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya gano rabin jarirai 'yan ƙasa da wata 3 suna tumbuɗi kullum, a wata 4 biyu cikin uku, amma kafin shekara saura kashi 5 cikin 100. Dalilin a fili yake: bakin tumbin jariri bai gama ƙwari ba, yini yake a kwance, kuma yana shan wajen mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa, kamar a ce ƙato mai kilo 70 ya sha lita 10 a yini. Duk da haka aka shiga rubuta wa jarirai magungunan rage tsamin ciki, har wani gwaji na 2009 a kan jarirai 162 ya nuna waɗanda aka ba maganin da waɗanda aka ba na banza daidai suka sami sauƙi, kashi 54 cikin 100 kowane ɓangare.

Abin da likitoci suka tsaya a kai yanzu bai yi nisa da maganar kakanni ba. Nonon uwa zalla har wata 6 shi ne gaba. Inda tilas ta sa aka koma ga madara, a auna ta yadda aka rubuta, a dama da tafasasshen ruwa da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, a bari ta huce, a wanke bulumboti sarai, a ba yaro kaɗan-kaɗan, a sa shi gyatsa. Yaron da ke tumbuɗi amma yana ƙara nauyi, haƙuri ne maganinsa. Amma idan aman kore ne, ko da jini, ko yana fita da ƙarfi, ko kuwa yaro yana rama, ko zazzaɓi, ko ya ƙi sha, to, kada a tsaya sauya gwangwani, a nufi asibiti nan da nan.