Yana da Ƙugiya? Yadda Muka Daɗe Muna Neman Haruffa a Tudun Wada

Duk yaron da aka kawo koyon aikin ɗab'i a Tudun Wadar Zariya, tambayar farko da ake koya masa a kan kowane samfurin haruffa ita ce: yana da ƙugiya? Maganar kyau sai daga baya. Mai zane a Landan yana iya zaɓar font ɗin da ya kwanta masa a rai cikin dubbai. Mu kuwa ɓ da ɗ da ƙ ne ke yi mana zaɓi, kuma sun fi shekara 80 suna yi.

Ba da ƙugiya boko ya fara ba. A zamanin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, da shekarun da suka biyo baya, wasu ɗigo suke sa wa a ƙarƙashin harafi, wasu su maƙala masa alamar hamza a gefe. Siffar ƙugiyar ta fito ne daga tsarin da wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta ba da shawara a kai wajen 1930, Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Dokta Rupert East ta ɗauka ta yi aiki da shi. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai idon mai karatu ya saba da ita har ta zama ita ce daidai.

A lokacin harafi abu ne da ake ɗauka a hannu. Na dalma ne, a juye yake, mai jerawa yana karanta shi kai a ƙasa. Kowane girma da nasa akwati, mai kauri daban, mai kishingiɗa daban, kuma kowanne sai an yi odar haruffa shida na musamman daga Turai, manya uku ƙanana uku. Ba kowace maɗaba'a ke da wannan ƙarfin ba. Shi ya sa in ka jera littattafan hukumar NORLA na shekarun 1950 da na kamfanin buga littattafai na NNPC da aka kafa a 1966, za ka ga kamar 'yan ɗaki ɗaya ne. Samfuran da aka kashe wa kuɗi ba su da yawa, su ake ta juyawa.

Ƙananan masu aiki kuwa tafireta suka dogara da ita. A buga b da d da k, a zare takarda, a bi su ɗaya bayan ɗaya da biro ana lanƙwasa musu kai. In mai bugu ya gaji a shafi na goma, sai ƙafa ta koma kafa, mai karatu ya ji da sauran. A shekarun 1980 an nemi maganin abin a matakin ƙasa, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a samfurin Pan-Nigerian da aka tsara don harsunan Nijeriya. Aiki ne mai kyau, amma bai iso shagunanmu ba.

Abin da ya iso shi ne na gida. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya fitar da samfuran Rabi'at da Abdalla, suka bazu daga faifai zuwa faifai. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron maɓallin da Hausa ba ta amfani da shi: a wasu ka danna q ka sami ƙ, x ya ba ka ɗ, v ya ba ka ɓ; a wasu kuma alamomin baka ake ara. Sun fitar da mu kunya shekaru da dama. Matsalar sai an kai aikin wata kwamfutar da ba ta da font ɗin. Nan take ƙasa za ta zama qasa ko }asa. Har yau ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Kongo da Samaru kan kawo tsohon kundi a haka, kuma daga ganin ɓarnar muke gane samfurin da aka buga shi da shi.

Tsarin Unicode ya ba haruffanmu lambobinsu tun 1991, sai dai ya raba musu gida. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin masana furuci, ƙ da manyan duka suna wani rukunin. Saboda haka kana iya samun font mai Ƙ amma babu ɗ. Kwamfuta ba za ta gaya maka ba. Ko ta sa ɗan akwati, ko ta aro harafin daga wani samfurin, ka ga kalma mai ƙiba da harafi ɗaya siriri a tsakiya. A katin biki ko fostar ɗan takara, wannan ne ke fara tona asirin mai zane.

Yau in mai aiki ya zo da hoto a waya ya ce irin wannan rubutun yake so, mukan duba cikin g, da ƙafar R, da wutsiyar Q, ko mu ɗora hoton a shafin WhatTheFont. Da an gano sunan sai gwaji: a rubuta Ɓaidu, Ɗanladi, Ƙaura, a sake da ƙananan haruffa, a ƙara ƴ in aikin na Maraɗi ne, don a Nijar ita ke zaman 'y. In littafi ne, Charis, Gentium, Andika da Noto ba sa ba da kunya. In kanun fosta ne, galibi sai tiyata a CorelDraw: a mayar da kalmar zane, a yanko kan f, a dasa a wuyan k, a daidaita kaurin har ɗinkin ya ɓace. Ajami ma ya sami nasa, domin ƙungiyar SIL ta fitar da samfurin Alkalami bisa salon rubutun Kano.

Giɓin da ya rage a manyan haruffan ado yake, na kanu da allon shago da bangon littafi. Kusan duk waɗanda muke amfani da su an zana su ne ba tare da an san da Hausa ba, mu ke yi musu faci, kuma facin yakan mutu a kwamfutar wanda ya yi shi. Ga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru yana yaye masu zane duk shekara. Da ɗalibi ɗaya a kowane aji zai ɗauki zana cikakken samfurin Hausa a matsayin aikinsa na ƙarshe, ya sake shi kyauta da lambobin Unicode daidai, da cikin 'yan shekaru mun daina yankan kan f.