Me Ya Sa Maganin Kansar Huhu Yake Daina Aiki?

Kansar huhu ita ce ciwon dajin da ya fi kisa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen miliyan 1.8 a shekarar 2022. Shan taba ne babban sanadinta. Sau da yawa majiyyaci yakan sami sauƙi da fara magani, bayan wasu watanni kuma ciwon ya dawo. Ya kamata ka san dalili.

Yadda maganin yake aiki

An gina jikinka da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikinsu akwai rubutun gado, wato DNA, mai tsara wa kowace ƙwaya aikinta. Idan rubutun ya ɓaci, ƙwaya takan yi ta hayayyafa ba tsayawa har ta zama ƙari. Magungunan kemoterapi, kamar sisplatin da Amurka ta amince da shi a 1978, suna lalata rubutun ƙwayar kansa domin ta mutu.

Yadda ƙwayar take tsira

Dubi gonar gero a Damargu. In aka fesa maganin ƙwari, yawancinsu za su mutu, amma masu taurin rai su tsira su hayayyafa. Haka abin yake a huhu, domin ƙwayoyin ƙari ɗaya ba duka rubutunsu yake daidai da juna ba. Ga hanyoyi uku da suke bi:

1. Fitar da magani. Wasu ƙwayoyi suna da ɗan famfo a bangonsu mai turo wasu magunguna waje. Masana a Kanada suka gano shi a 1976.

2. Gyaran ɓarna. Wasu sukan ɗinke rubutun da sisplatin ya lalata kafin ya kashe su.

3. Ƙin mutuwa. Sashen rubutu mai suna TP53 shi ne ke umartar ƙwayar da ta lalace ta mutu. In ya ɓaci, sai ta ci gaba da rayuwa.

Sababbin magungunan haɗiya masu auna sashen EGFR su ma ba su tsira ba. A 2005 aka gano canjin da ke hana su aiki, a 2015 kuma Amurka ta amince da osimertinib mai shawo kansa.

Abin da za ka yi

Ka sani wannan ba sammu ba ne, ba kuma sakacin majiyyaci ba ne. Canjin a cikin ƙarin yake. Ba a ɗaukarsa, ba a gadar wa ƴaƴa.

Idan tari ya wuce mako biyu, ko ka ga jini a majina, ka je gidan likita mafi kusa. Za a fara da gwajin tarin fuka. Daga Tenhya akan tura majiyyaci Tanut, daga nan babban asibitin Damagaram. A Yamai akwai Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, wadda ta fara gashin ƙari da haske a 2021.

In kana jinyar wani, kada ku tsallake ranar ƙarin magani. In ciwon ya dawo, ku koma wurin likita da takardunku duka. Yana iya sauya magani ko ya haɗa da gashi, kuma ko yaushe akwai abin rage zafi da sauƙaƙa numfashi. Mai shan taba kuwa, barinta yau ya fi barinta gobe.